Daminar da Aka Daina Yi Mini Sannu

Sanƙarau ya kama ni da bazara, ina aji uku a firamare, a shekarun da aka yanke mana jihar Sakkwato kuma kuɗin mai ya fara shigowa har Tambuwal. Ban san komai game da kwanakin cutar ba sai abin da aka ba ni labari. An ce an kai ni babban asibiti a Sakkwato, an ce an cire rai da ni, an ce na tashi. Cikin yaran unguwarmu da cutar ta kama, wasu sun rasu, ɗaya ya kurmance. Ni na dawo gida da kunnena da idona, da wani ciwon kai wanda ya ƙi tafiya.

Ba kullum yake sara ba. Yawanci zaune yake, daga ƙeya zuwa bayan idanu, kamar an ɗora mini tulu an manta ba a sauke ba. Idan ya tashi kuwa, sai amai, sai jiri, ko hasken ƙofa ba na iya kallo. An sake mayar da ni Sakkwato, likita ya duba, ya ce babu abin da ke girma a ciki. Na sha rubutu har na san hannun kowane malami a gidanmu, don gidan malamai ne. Wanzami ya yi mini ƙaho a ƙeya, tabon yana nan har yau. Ciwon bai ce musu komai ba.

A hannun kakata ta wajen uba na tashi. Ni ce 'yar fari, kuma auren iyayena ya mutu bayan an yaye ni. Mahaifiyata Bafulatana ce, ta koma cikin danginta makiyaya a wajen Fakku, a ƙasar Kebbe, ta yi wani aure. Nakan gan ta jifa-jifa idan ta shigo kasuwa. Ba ta faɗin sunana, ba ta kallon fuskata, ba ta yi mini magana kai tsaye. Kowa ya san kunyar ɗan fari, amma ita ta riƙe abin da ƙarfi fiye da duk matan da na sani. Ni ma Adda nake ce mata, yadda ƙannenta ke kiran ta, kamar wata yayata ta nesa.

Saboda haka Kaka ce ta yi jinya, kuma ta yi ta da dukkan ƙarfinta. Ta kwantar da ni a ƙuryar ɗakinta, ta saki asabari, ta cusa tsumma a taga. Aka mayar da daka gidan maƙwabta. Babana, wanda yake akawu a sabuwar sakatariyar ƙaramar hukuma, ya daina kunna rediyonsa a tsakar gida. Abin da ya iya yi mini shi ne sayen ƙwayar ciwon kai, irin wadda ta cika tebura a kasuwa a lokacin. Da kwali yake kawo ta. In na motsa a ba ni, in na yamutsa fuska a ba ni, wani lokaci tun ban farka sosai ba an miƙo mini da ruwa.

Sai dubiya. A gidanmu duba mara lafiya ibada ce, kuma mutanen Tambuwal ba su yi sakaci da ladan da ke kwance a ɗakin Kaka ba. Daga hantsi zuwa la'asar mata suna shigowa, su durƙusa a bakin gado, su rage murya. Sannu. Ya kan? Ya jikin? Allah shi ba da lahiya. Kafin in amsa sai in tsaya in saurari kaina, in ji ko yana ciwo, kuma duk lokacin da na saurara ina samun sa a nan. A hankali sunana ya ɓace a unguwa. Idan aka aiko yaro da kunu, cewa ake a kai wa mai kai.

Damina ta wuce, rani ya wuce, wata bazarar ta zagayo ina nan. Ƙafafuna suka zama sirara. Zuwa bayan gida sai an riƙe ni. 'Yan ajinmu suka ci gaba, na ji muryarsu da safe suna wucewa ta bayan katanga, daga baya na daina jin su duk da ba su daina wucewa ba. Ba zan ce ina baƙin ciki ba. Ba na jin komai. Na san tsagar da ke jikin azara ta uku daga bango, na san lokacin da ƙadangare ke leƙowa ta cikinta, shi ke nan abin da na sani. Na ji wata gwaggona tana gaya wa Kaka cewa irinmu haka muke zama har Allah ya yi ikonsa, ban ji ko ɗar ba.

Wadda ta sauya al'amarin wata ma'aikaciyar jinya ce da aka turo ƙaramin asibitin garinmu. Sista ake ce mata. Ta zo gidanmu duba wata mai jego, aka ce ta leƙa ni. Ta shigo ta ɗage asabari ba tare da ta nemi izini ba, na rufe ido da hannu. Ta sa na zauna, ta sa na tsaya, ta sa na taɓa hancina da yatsa. Ta tambayi abin da likitan Sakkwato ya ce. Sannan ta ga kwanon da Kaka ke tara takardun ƙwaya da aka ɓare, ta daɗe tana kallon sa.

Da yamma ta dawo ta sami Baba da Kaka a bakin ɗaki, ina jin su daga ciki. Hausarta irin ta rediyo ce.

"Ciwon nan mai yiwuwa ba zai tafi gaba ɗaya ba," in ji ta. "Amma ba shi ne ya kwantar da ita yanzu ba. Kwanciyar ce ke cin ta, da ƙwayar nan. Wanda ke shan ta kullum, ita kanta tana kawo ciwon kai. A daina. Za ta sha wuya da farko."

Na ji Baba ya yi gyaran murya. Shi ne mai kawo kwalin.

Ta ce kada a jira in warke kafin in tashi. In tashi da ciwon, in yi ɗan abu kaɗan, gobe a ƙara kaɗan, ko yana ciwo ko ba ya ciwo. In ci abinci lokacin da mutane ke ci, in yi barci lokacin da suke yi. Ranar da na ji daɗi kada a bar ni in yi da yawa. Da ta miƙe za ta tafi sai ta ƙara wani abu, wanda shi ne ya fi ƙarfin gidanmu.

"Kuma a daina tambayar ta kan nan. Kada a yi mata sannu. Ku bar ta ta manta da shi ko na ɗan lokaci ne."

Kaka ta gwada, in faɗi gaskiya. Ta zauna a bakin ƙofa tana tare masu dubiya, tana yi musu bayani. Wata tsohuwa ta ce tunda take ba ta taɓa jin an hana Musulmi gaishe da mara lafiya ba, ta juya da kwanon kununta. Wasu suka riƙa zagayowa ta taga suna raɗa mini sannu ta cikin tsumma. Ita kanta Kaka ba ta iya ba. Sai ta shigo ta tsaya a kaina tana murza hannu.

"Ba tambayar ki ni ka yi ba, ƙawata," za ta ce. "Kallo ɗai ni ka yi. Amma dai da sauƙi ko?"

Idan na yi kukan ciwo kuwa, hannunta da kansa ke zuwa ƙarƙashin matashi inda ta ɓoye sauran ƙwayar. Da ta ga abin ya faskara, wata rana bayan azahar ta kira Baba ta ce masa, "Mutum guda ni sani duk duniya wadda ba ta tambayar yarinyar ga. Ka kai ta Fakku."

Mun tafi da farkon damina. Ƙaramar bas ta kai mu Kebbe, daga nan Baba ya ari babur ya ɗaura ni a bayansa da rawaninsa. Hanyar duk rami ce da taɓo. Na yi amai a bayan rigarsa, ya ci gaba da tuƙi.

Rugar tana gefen gari, bukkoki kaɗan da shanu da wata tsamiya babba. Adda tana daka muka iso. Ta gaishe da Baba a taƙaice, ta kalli babur, ta kalli ƙullin kayana, ta tsallake ni. Baba ya zauna da mijinta a kan buzu, ya maimaita masa duk abin da Sista ta ce, da murya mai ƙarfi fiye da yadda ake bukata. Taɓarya ba ta tsaya ba ko sau ɗaya. Da ya gama, Adda ta ce da ƙaramar 'yarta, ƙanwata da ban sani ba sosai, "A kai kayan ga bukkar can."

Kwanakin farko babu ƙwaya su ne mafi muni da na taɓa gani bayan cutar kanta. Kan ya yi ta sara kamar ana faskare. Bukkar ba ta da ƙofar kirki, haske yana shigowa ta ko'ina, shanu suna kuka, ana daka a bayan kunnena. Ba wanda ya rage murya. Ba wanda ya leƙo ya ce sannu. Da hantsi ƙwaryar fura da nono takan bayyana a bakin bukka, daga ciki, inda hannuna zai kai. Ba na ganin mai ajiye ta, sai dai ƙafafunta.

Wata rana na miƙa hannu ban sami ƙwaryar ba. Tana waje, ɗan nesa da bakin bukka, an rufe ta da faifai. Na jira a shigo da ita, ba a shigo ba. Yunwa ta sa na rarrafa na ɗauko. Bayan 'yan kwanaki ta ƙara matsawa. Sannan ta koma kusa da turmi. Sannan gindin tsamiya, inda mata ke zama. Na gane abin da ake yi mini, ba wauta gare ni ba, amma ba ni da ƙarfin yin gardama kuma babu wanda zan yi da shi. Ta yaya za ki yi gardama da wadda ba ta magana da ke?

Aiki ma haka ya zo. Adda ba ta taɓa aikena ba. Da kaji take magana, da turmi, da iska. Akwai wata doguwar igiya mai maɗaurai da ake jera maruƙa a jikinta idan iyayensu sun tafi kiwo, dangwali ake ce mata. Sai Adda ta wuce ta gabana tana cewa, "Wanga ɗan maraƙi ƙishi shi ka ji, ba mai kula." Idan ban motsa ba ta bar shi yana kuka. Kukan maraƙi ya fi ciwon kai takura. Na tashi na ba shi ruwa. Daga nan wanke ƙore, daga nan kaɗa nono a zaune, daga nan rakiyar ƙanwata zuwa tafki hannuna babu komai. Ba ta taɓa barin a ɗora mini kaya a ka ba. Idan wata ta yi niyya, sai ta ce da tulun, "Kai dai zamna nan."

Sau ɗaya na gwada ta. Ranar kan ya tashi sosai, ina zaune kusa da ita tana tankaɗe. Na dube ta ido cikin ido, abin da ban taɓa yi ba, na ce, "Adda, kaina yana ciwo."

Hannunta bai tsaya ba. Ta kori wata kaza da ke tsattsagar tsaki, ta ce da kazar, "Akwai inuwa gindin tsamiya."

Wannan ya yi mini zafi. Shi ne abu na farko da ya yi mini zafi a rai tun da na kwanta, har na yi mamakin jin sa. Na tafi gindin tsamiyar na zauna ina tunanin Kaka da hannunta mai sanyi, ina gaya wa kaina cewa matar nan ba ta ƙi in mutu ba. Na yi kuka kaɗan, ya ƙara mini ciwon, na daina. Da la'asar na tashi na ba maruƙa ruwa don lokacinsu ya yi.

Akwai ranar da na farka kan ya yi shiru. Ban saba ba. Na bi 'yan mata tafki, na dawo, na sake bin su, na yi guje-guje da ƙanwata cikin rana. Adda ta tafi tallan nono kasuwar Kebbe, babu mai ce da kowane tulu ya zauna. Washegari ko ido ban iya buɗewa ba. Na kwanta ina jiran a yi mini faɗa ko a tausaya mini, ba a yi ko ɗaya ba. Da hantsi na miƙa hannu, sai ga ƙwaryar a ciki, daidai inda take a ranar farko. Daga nan ta sake fara tafiyarta zuwa gindin tsamiya, amma wannan karon ta fi sauri. Na lura da haka kamar yadda na lura da tsagar azara, ban ba shi wata ma'ana ba.

Kaka ta aiko sau da yawa da kuka da daddawa da tambaya. Ɗan aiken yakan tsaya wajen mijin Adda, tambayar ba ta isowa gare ni. Daga baya na ji cewa Adda ce ta hana.

Ban san ranar da na daina sauraren kaina ba. Abin da na tuna, wata rana muna dawowa daga kasuwar Fakku da ƙafa, gero ya fitar da kai, ina riƙe da ƙaramar ƙwarya a hannu ina gardama da ƙanwata a kan wata saniya mai tsinin ƙaho, sai na tuna ban duba ba tun safe. Na duba, yana nan. Na ci gaba da gardamar.

Da lokacin girbi ya yi, aka fara shirin tashi da shanu, Baba ya zo ɗauka ta. Wannan karon bai ɗaure ni da rawani ba. Adda ta miƙa masa man shanu a cikin ɗan kwano, ta ce a gaishe da tsohuwa. Na tsaya a gabanta na ce, "Adda, na tafi." Ta sunkuya tana gyara wutar murhu da ba ta bukatar gyara, ta ce da ƙanwata, "A raka baƙi bakin hanya."

Na koma makaranta, ajin ƙannena, da farko zuwa tara kawai nake yi in dawo, daga baya har a tashi. Masu dubiya sun samu wasu marasa lafiyar. Sunana ya dawo a hankali, ko da yake akwai tsofaffin da suka mutu suna ce mini mai kai. Na yi makarantar horon malamai, na koyar, na yi aure, na haifi nawa. Ciwon bai tafi ba. Yana nan yanzu da nake rubutun nan. Na dai san yadda ake zama da shi, na san lokacin da zan tsaya, kuma ba na ajiye ƙwaya a ƙarƙashin matashi.

Tsakanina da Adda babu abin da ya sauya. Ina zuwa gaishe ta, tana amsa wa bango. Na haƙura da ita tuntuni. Na ɗauka cewa dabarar Kaka ce ta yi aiki: an nemi wadda abin bai dame ta ba, an samu. Ban riƙe ta da komai ba, ban kuma gode mata ba.

Ta tsufa a cikin garin Fakku, a gidan ƙanwata, bayan shanun sun ƙare kuma mijinta ya rasu. A ƙarshe hankalinta ya fara gushewa, ta daina gane mutane. Na je duba ta wata ranar rani, a kan babur ɗan haya, hanyar ta tayar mini da kan yadda ta saba. Na same ta zaune a inuwar zaure, ƙwaryar fura a gefenta. Na durƙusa na gaishe ta, sai ta ɗago ta dube ni. Tsawon rayuwata ban taɓa ganin ƙwayar idonta a kaina haka ba.

"Baƙuwa, daga ina?" ta ce.

"Daga Tambuwal."

"Tambuwal." Ta jinjina kai. "Ina da ɗiya can. Ta fari. Gidan malamai. Kin san ta?"

Na ce na san ta.

Ta waiga dama da hagu, ta matso kusa da ni, ta rage murya kamar mai shirin sata.

"Ya kanta? Har yanzu shina damun ta?"

Kan yana sara a daidai lokacin, tun daga ƙeya. Na ce, "Da sauƙi. Tana aikinta, tana tafiya ko'ina da ƙafarta."

"Alhamdu lillahi." Ta daɗe tana shafa gwiwarta. Sannan ta kama hannuna ta riƙe. "Kar ki ce na tambaya. Ba a tambayar ta. Hakanan anka ce."

Na ce ba zan faɗa ba.

Ta saki hannuna, ta jawo ƙwaryar furar, ta yi ta turo ta a kan tabarma har ta taɓa gwiwata. Na ɗauka na sha.